Sharhi: An tashi daga biki, to layin kuma na waye?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka, ya ruwa? Na san dai amsar, ruwa ya yi gyara, haka muka taso muka ji manya suna cewa ko da kuwa ruwan a tsakar ɗakin mutum ya kwana. To Allah ya sa gyaran ne. Mutanen Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, mutanen Dorayi da Sheka da Gama, da ku da kuke cikin adaidaita sahu kun maƙale a Tal'udu ko Ƙofar Ruwa kuna jina a rediyon direba, ku ɗan ba ni aron kunnenku, yau maganar layinku zan yi, wannan dai layin na ƙofar gida da kuke tsallake kwatarsa kullum da safe.

Muna tsakiyar marka, kuma duk ɗan Kano ya san wannan lokacin shi ne kakar biki. Makarantun boko sun yi dogon hutu, yara suna gida, 'yan uwa na nesa sun zo, to sai kowa ya tara hidimarsa a nan: ɗaurin aure, kamu, walima, saukar Alƙur'ani ta Islamiyyoyi, ga gasar ƙwallon unguwanni da samari ke haɗawa duk inda ɗan fili ya rage, wasu har da kofi da rago. Sannan tunda watan Musulunci yana matsowa baya da kamar kwana 11 duk shekara, a 'yan shekarun nan Babbar Sallah da Maulidi duk a jikin damina suke faɗowa, a 2025 dai Sallah farkon watan Yuni aka yi, Maulidi kuma farkon Satumba, ka ga kenan zagayen Maulidi da takutaha da ake hawa Dala ranar suna duk da hadari a ka ake yinsu. Hawan Sallah kuwa, wanda a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adu na duniya, tun da rikicin masarauta ya taso a 2024 aka yi ta dakatar da shi, yaran da suka saba a kai su Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe ko su tsaya bakin titi ranar Hawan Nassarawa sun rasa wannan, abin da ya rage musu shi ne gidan zoo da kuma bikin unguwa. Shi ya sa nake ganin bikin unguwa yanzu nauyinsa ya ƙaru.

Kuma a ina ake yinsa? Mai hali ya kama iben santa, ya biya kuɗi, a yi a share masa. Amma mafi yawanmu zaurenmu shi ne layi. A sa benci biyu a toshe nan, a sa biyu a toshe can, a kafa kanofi, a jera kujerun roba, mai dije ya ja wayarsa daga janareto, shikenan biki ya kankama, mai mota ya nemi wata hanyar, mai mashin ya yi ta ƙunƙuni yana turawa ta gefe. Ni ban ga laifin wannan ba fa, kar wani ya ce na zo hana mutane farin ciki, mu ma a layi aka yi namu.

Asabar biyu da suka wuce an yi walimar sauka a layinmu, yara ne suka sauke, iyaye suka haɗu suka ce a yi gaba ɗaya. Wallahi abin ya yi kyau. Yaran sun sha fararen kaya, mata sun yi anko har da 'yan goyo, an ɗora manyan tukwane tun da hantsi a ƙofar wani gida, ƙamshin shinkafa ya cika layin. Ana idar da la'asar malami ya fara jan baƙi, yaro na farko ya karɓa kenan sai muka ji iskar nan mai sanyi, kowa ya ɗaga kai ya kalli gabas. Kafin a ce me, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. To ruwan sama dai ba baƙo ba ne, kanofi na nan, aka matsa ciki aka ci gaba. Abin da ya tashi taron daga ƙasa ya zo. Lambatun da ke gefen layin ya cika ya tumbatso, baƙin ruwa mai wari ya biyo ta ƙarƙashin kujeru ɗauke da ledoji da robobi da abin da ba zan faɗa a rediyo ba, na ga wani dattijo ya tattare babbar rigarsa har gwiwa, takalmi a hannu, yana neman inda zai taka, wata baiwar Allah tana ta ƙwala wa 'yarta kira, ke ɗauke kular nan, ɗauke kular nan kar ta tafi, silifas ɗin yara kuwa sai dai a bi su da ido suna tafiya a jere kamar agwagi. Allon wani yaro da aka yi wa zayyana mai kyau saboda wannan ranar, a hannun yayansa na gan shi ya ɗaga sama kamar tuta. A soron wani gida aka ƙarasa addu'a, mutum kan mutum.

Washegari da safe na fito, na tarar da wani dattijon layinmu tsaye a bakin kwalbati da sandarsa yana zungura. Na gaishe shi na ce Baba an tashi lafiya, ya gajiyar jiya? Ya ce ɗan nan zo ka gani da idonka, ku da kuke magana a rediyo. Na leƙa. Ledar fiya wata ce ta yi cincirindo kamar an danna ta da gangan, robobin tekawe na jiya ga su nan har da sauran shinkafa, gwangwanin lemo, kunzugun yara, a can ƙasa kuma wata tsohuwar katifa ta kwanta ta rufe bakin gaba ɗaya, ita kam ta fi wata a nan. Ya ce to ka gani, rabin kayan nan namu ne na jiya, rabi kuma daga sama ruwa ya kawo mana, na mutanen da ba mu ma san su ba, mu ma namu in ya samu hanya wasu zai je ya samu. Na ce Baba to laifin waye? Sai ya yi dariya ya ce da muna yara duba-gari kaɗai aka hango ya shigo unguwa, mata har randa suke wankewa.

Maganar duba-garin nan ta tsaya min a rai, don wanda bai kai shekarun ba ba zai gane ba. Ma'aikacin tsafta ne na zamanin En'e, yana shiga gida-gida, ya duba randa, ya duba masai, ya duba makwarara, in ya ga ƙazanta sai tara, kuma mai unguwa na tafe da shi. Ban ce a dawo da tsoron ba. Amma a lokacin an san wanda ake tambaya. Sannan shi kansa garin ba haka yake ba. Birnin Kano da kududdufai aka san shi, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, kusan kowace unguwa da nata, in aka yi ruwa can yake gangarawa ya kwanta ya tsotse a hankali. E, suna da sauro, suna cin yara ma wani lokacin, ba na musun wannan. Amma da aka cike su da shara aka yanka filoti aka dasa gidaje da shaguna, babu wanda ya tambayi ruwan ina zai koma. Shi kuwa ruwa bai san takardar fili ba, inda ya saba nan yake zuwa, in ya tarar da falo ne sai ya shiga falon. Ga siminti da intalok da kowa ya shafe ƙofar gidansa da su, ƙasar da za ta sha ruwan ta ragu, duk sai ya taru ya nufi lambatu ɗaya da aka gina tun layin yana da gida goma.

Kuma duk inda ya bi, yawancin ruwan cikin birni Jakara yake nema, wannan rafin da ya ratsa ta gefen kasuwar Kurmi, wanda aka rufe wani ɓangarensa aka yi titi a kai, ya fita ta arewa maso gabas ya haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su tafi har dam ɗin Wasai a Minjibir. A bakin wannan ruwan akwai masu lambu da suke noman salak da kabeji da alayyahu su kawo kasuwa. To ka ga abin da ka zuba a kwata da daddare kana ganin ka rabu da shi, wata rana a faranti zai dawo maka, watakila ma a wajen wani bikin. 'Yan kasuwar Kantin Kwari kuma ba sai an ba su labari ba, sun ga abin da ruwa ya yi musu a Agustan 2022, ya shiga shaguna ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma maganar da aka yi ta yi a lokacin ita ce gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa.

Yanzu bari mu zo kan hukuma, don idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Mutane da yawa ba su san cewa kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya ba, kuma a ciki akwai gina da gyara titunan unguwa da magudanan ruwa, da fitilun titi, da kwashe shara, da banɗakunan jama'a, da maƙabartu, da kasuwanni da tashoshin mota, har da sa wa layuka suna da ba gidaje lamba. A rubuce yake. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta, cikin gari kuma guda 8 ne suka raba mu: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi a riƙa ba su kai tsaye, aka yi ta murna, a Oktoban shekarar kuma aka yi zaɓen ciyamomi da kansiloli a nan Kano. A gefe guda kuma jiha na da nata hukumomin, REMASAB ta kwashe shara, KNUPDA ta tsara birni da ba da izinin gini, ga ma'aikatar muhalli, ga KAROTA a kan titi tun 2012. Hukuma dai ba a rasa ba. Sai dai shi talaka in kwatar layinsa ta toshe, a cikin duk waɗannan ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Manyan tituna ana ganin masu shara da asuba da rigunansu, ana ganin motoci suna kwashe bola, wannan gaskiya ne kuma a yaba musu, aikin ba sauƙi. Amma ka saki kwalta ka shiga lungu taku hamsin, nan kuma sai Allah sai yaran da ake ba 'yan canji su ɗauki shara a buhu, su ma ina suke kaiwa? Wani ya kai bola, wani in ya waiga ba kowa ya juye a lambatu, musamman in ya ga hadari, wai ruwa zai tafi da ita.

Bayan abin da ya faru a layinmu mun tashi mu uku muka je wani ofis, ba zan kama suna ba. An karɓe mu da mutunci, aka ba mu kujera, aka ce wannan ai ba hurumin nan ba ne, ku je wuri kaza. Muka je wuri kaza aka ce oga ya fita, ku rubuto. Muka rubuto. Muka dawo gida samari suka ce su ba za su jira ba, aka ari shebur da baro da manjagara, ranar Lahadi tun bayan asuba aka shiga kwata, aikin gayya sosai irin na da, mata suna aiko da koko da ƙosai, aka fito da katifar nan da ƙyar mutum huɗu suna ja. Kafin azahar an tara tsibi-tsibin baƙar laka a gefen hanya, ruwa ya wuce sumul, kowa yana murna. An ce mana mota za ta zo ta kwashe. Litinin shiru, Talata shiru, awaki suna hawa suna tonawa, masu mashin suna bi ta kai, daren Laraba aka yi ruwa, da safe muka fito tsibin nan ya koma inda ya fito kamar ba a taɓa ba. Wani yaro cikin waɗanda suka yi aikin ya kalle ni ya ce Yaya, gobe in an ce mu fito me za mu ce? Ban samu abin ce masa ba.

Wannan shi ne ciwon tsaftar ƙarshen wata ma. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata an hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe don a yi shara, dokar tana nan, har kotun tafi-da-gidanka ake kafawa tana cin tarar masu yawo. To amma mu faɗi gaskiya, da yawanmu barci muke ƙarawa, samari kuma su mayar da kwalta filin ƙwallo tunda ba mota, goma na bugawa kowa ya fito kamar an buɗe keji. Waɗanda suka fito suka yashe kuma in ba a zo an kwashe a ranar ba, wahalar banza suka sha. Ni a ganina tare hanya ba shi ne aikin ba, tifa ita ce aikin. A ce kowace mazaɓa ta san ranar da mota za ta shigo mata, kansila ya sanar a masallatai ranar Juma'a kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure, wallahi mutane za su fito, don na ga sun fito ba tare da an ce musu komai ba.

Mu kuma namu ɓangaren, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka iya tsari in biki ne. Walimar nan tamu kwamiti gareta, da ma'aji, da mai rubuta sunan wanda ya bayar da wanda bai bayar ba, an buɗe guruf a WhatsApp ana tuni safe da yamma, an san kujera nawa za a hayo, an san wa zai kawo itace, wa zai tsaya a kan rabon abinci, anko tun wata guda aka fitar kuma ba wadda ta ce ba ta da kuɗi. Amma a duk lissafin nan babu wanda ya ce a sayi buhu goma a ajiye a gefen kanofi don zuba leda, babu wanda ya ce a ware wani abu a ba yara su share layin kafin a kwanta, kuma babu wanda ya leƙa kwalbatin ana gobe biki, ni ma da nake wannan surutun ban leƙa ba, ina can ina neman wanda zai goge min hula. Mai kanofi ya zo da sassafe ya kwashe kayansa ya ƙirga kujerunsa cif, mai dije ya naɗe wayarsa, mai tukwane ta aiko an ɗauka, kowa ya san nasa. Layin ne kawai ba wanda ya zo nema. Masu unguwanni, ranku ya daɗe, tunda dai bisa al'ada ana sanar da ku kafin a toshe hanya, me zai hana ku riƙa tambaya, to wa zai share? Tambaya ɗaya ce, kuma daga bakinku ta fi nauyi.

Wani abin haushin kuma, ruwa ya cika layi har gwiwa amma famfo ƙaf. Garin da tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo masa ruwa daga Challawa aka kafa tanki a kan Goron Dutse, garin da ke da Tiga da Challawa da matatar Tamburawa da ta Watari, yau unguwanni da yawa 'yan garuwa ne hukumar ruwansu, mai biki sai ya yi odar kura-kura ta jarkoki kafin a ɗora tukunya. Inda bututun ya bi ta cikin kwata kuma ya fashe, ko rijiya tana kusa da masai ruwa ya haɗe su, nan ne amai da gudawa ke samun ƙofa, kuma damina ce lokacinsa. Iyaye mata a tafasa ruwan sha in ana da hali, a rufe abinci. Masu bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, na 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda ake bayarwa wata-wata a damina, in sun ƙwanƙwasa a buɗe musu, kyauta ne, kuma a ƙarasa ba yaron na kwana biyun da suke barin miki, kar a ajiye a kan talabijin a manta. Samari masu wanka a kududdufi da ramukan da aka haƙa aka bari, iyaye a sa ido, hutun nan duk shekara sai an ji labari mara daɗi.

Jiya da yamma na sake wucewa ta wajen Baba, yana nan a kan tabarmarsa a ƙofar gida, ya ce ɗan nan an ce wani satin akwai ɗaurin aure a gidan can na kwana, har an fara kawo itace. Na ce haka ne Baba. Ya ce to ka gaya musu ni ba zan sa babbar riga ba.

Ga hadari can ya haɗo ta wajen Hotoro da Mariri, mai shanya a waje ta kwashe, mai tafiya gida ya ɗaga ƙafa. Sai Allah ya kai mu gobe war haka, wassalamu alaikum.